Gadagi da Babbar Riga

A tashar Tsafe mai shayi ya ce, "Alhaji, wanga gadagi na, shayin 'yan acaɓa."

Na ce, "Zuba. Ni da goro ma ya gaji da ni?"

Bungudu za ni ɗaurin aure, kuma ni ne wakilin ango. Na shanye, na shiga mota. Kafin Gusau zuciyata na dukan ƙirji kamar ana sussuka. Sai na ga motar tsaye take, bishiyoyi ne ke wucewa. Tsoron makara ya kama ni. Na tsayar da direba, na naɗe babbar riga, na kama gudu. Yana bina a hankali, fasinjoji na roƙo, na ƙi shiga.

An ɗaura aure ba ni.

Har yau in na shiga tasha sai a ce, "Alhaji, mota za ka hau, ko sauri kake?"