Ranar da Dorkon Ya Karɓe Kukan Mata

“Mace a waƙar jarumai? Ganima ce! A ƙiyasta ta da shanu huɗu, a ajiye ta gindin masaƙa. Ko kukan da suke taƙama da shi, namiji ya fi su iyawa.”

Dorkon ke nan, mawaƙin garinmu, a bakin wurin matse man zaitun. Ka dai san irinsu, aboki: baki kamar kogon dutse, kai kamar ƙwan jimina, ba ko silin gashi, amma gemu har cibiya.

Ana haka sai tsoho Lampis mai ɗinkin ragar kamun kifi ya rasu. Har yau in iska ta taso daga teku, ragarsa na lilo a ƙofa kamar mai jiran a kira shi. Ɗansa, mai jiragen ruwa biyu, ya ce wanda ya fi raya sunan uban da waƙar makoki zai ɗauki tukunyar tagulla mai ƙafa uku. Dorkon ya ji tukunya, ya saɓa molo.

To, kukan gawa a wurinmu na mata ne. Nan kaɗai ake barinsu su ɗaga murya a gaban jama'a. Ɗaya ta tallafi kan mamaci ta jawo baiti, saura su amsa da ihu. Dorkon ya kutsa cikinsu, ya tsaya kan Filinna, matar marigayi.

“Matsa, Iya. Yau za ki ga aikin maza.”

“Zauna, ɗan nan,” in ji ta. “Tallafi kan da kyau, ba kabewa ba ce.”

Ya tallafa, sai ya ga ba hannun kaɗa molo. Ya dangwarar da molon, ya wage baki: “Ya Lampis, zakin fama, mai kashe ɗari da mashi guda!”

Ba wadda ta amsa.

“Lampis ɗina?” in ji Filinna. “Wanda dinya, agwagwar nan, ta kora har kan itacen ɓaure?”

Dorkon ya share gumi, ya koma kan asalin mamacin. Wane ɗan wane, jikan wane, har kaka na tara.

“Uwarsa fa?” wata tsohuwa ta tambaya.

“Waƙa ba ta lissafa uwaye.”

“Ashe daga ƙwai ya fito. Shi ya sa dinya ta gane shi.”

Dorkon ya ce bari ya gwada dukan ƙirji. Ya naushi ƙirjinsa sau ɗaya, tari ya sarƙe shi, sai da aka ba shi ruwa.

“Saura gashi,” in ji Filinna. “Mai jan kuka shi ke fara tsige nasa ya ɗora wa mamaci.”

Dorkon ya shafa kai. Santsi. Ya dubi ɗan marigayi, ya tuna tukunya, ya runtse ido ya finciki gemu. Rabi ya taho a hannunsa! Ihun da ya kurma, har awakin maƙwabta suka tsinke igiya. Nan take mata suka amsa gaba ɗaya.

“Yauwa,” in ji Filinna. “Yanzu ka faɗi gaskiya.”

Ta karɓi kan mijinta, ta gyara masa gira da yatsa, ta ce a hankali: “Wa zai riƙa bar mini cikin gurasa ya ci ɓawon, ya ce shi ya fi so?”

Gidan ya rushe da kuka, har da ɗan.

Tukunya fa? Al'ada ba ta yarda mace ta ɗauki kyautar waƙa ba, don haka Dorkon aka miƙa wa. Ya kuwa shirya baiti: wai shi ya yi makokin Lampis da muryar zaki, mata na gefe suna sharɓar hawaye. Sunan Filinna ko sau ɗaya bai fito ba.

Sai dai duk bikin da ya rera waƙar, da ya iso baitin nan, sai ka ji murya daga bayan katangar mata:

“Zaki, ina sauran gemun?”