Salansar Ɗanlami

A ƙauyen Tsamiya Biyu akwai wani gida mai mutum uku: Inna Delu, wadda idanunta suka daɗe da rufewa, da babban ɗanta Ɗanlami ɗan acaɓa, da ƙaninsa Jatau. Shi Jatau, Allah sarki, ƙato ne ya ba talatin baya, amma yadda ka ajiye masa magana haka zai ɗauka, ba ragi ba ƙari. Mutanen gari na ce masa wawa. Ni dai ban taɓa ganin mai wayon da ya kai shi riƙon amana ba. Inna ba ta ganin Ɗanlami, amma tun daga kan kwana take gane ƙarar babur ɗinsa, sai ta ce, "Ga shi nan." A ƙwaurinta akwai tabon ƙuna da salansar babur ɗin ta yi mata ranar da ya kai ta asibiti. Da ciwon ajali ya kwantar da Ɗanlami, wasiyya biyu ya bar wa ƙaninsa: kada ya hau babur, kuma kada ya bari salansar nan ta sake ƙona Inna.

Wata rana, bayan sadakar bakwai, Maikano abokin acaɓar marigayi ya ce, "Jatau, ka riƙa tayar da babur ɗin kullum da safe, kada injin ya lalace." Da gari ya waye Jatau ya buga kik, ya zauna gefe ya naɗe hannu. Babur ya yi ta kuka har hantsi, sai da mai ya ƙare ƙaf. Maikano ya zo ya riƙe baki. "Me ya hana ka kashewa?" Jatau ya ce, "Tayarwa ka ce." Ana cikin faɗa aka lura da Inna zaune a bakin ɗaki, tun safe ba ta motsa ba, hawaye na bin kumatunta. Daga ranar take fitowa da tabarmarta kafin a tayar.

Wata rana Kawu Barau, ƙanin Inna, ya ga tsatsa ta cinye salansar. Ya ce, "Ka samu yashi ka goge, har sai ba sauran tsatsa." Jatau ya wuni yana gurza. Tsatsa kuwa ta ci ƙarfen har ciki, shi ma ya bi ta har ciki, ya ɓula rami kamar bakin ludayi. Washegari da aka tayar, sai wata ƙara ta fito mai fasa kunne. Inna ta ce, "Wannan ba na Ɗanlami ba ne." Ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki. Jatau ya tsaya da yashi a farce, baƙin ciki ya hana shi ko karyawa. Kawu ya ce tunda abin ya zama haka, ga rumbu ya yi ƙasa, a gyara babur ɗin a sayar. Daga nan tuwon Inna ya riƙa komawa yadda aka kai shi.

Wata rana Kawu ya tura Jatau birni da babur ɗin a bayan akori-kura. Ya ce, "A toshe ramin, a yi fenti, mai saye zai zo Juma'a. Kuma masu fentin nan bakinsu zaƙi, kada ka zaɓi komai sai ka gwada da kanka." Aka yi walda aka toshe ramin. Mai fenti ya ce iri biyu ne. "Akwai na hoda, gari ne ake fesawa a gasa, yana ƙyalli, kowane launi kake so. Sai dai wuyan salansa wuta ce, yakan sa shi ɓarewa. Akwai kuma siramik, ba ya ƙyalli, amma yana jure wuta, yana rage zafin da ke fitowa."

Jatau ya ce, "Wanne ne ba zai ƙona Inna ba?"

"Duk wuta ce, ɗan'uwa. Ɗaya dai ya fi sauƙi. Ga babura biyu can yanzu suka tsaya, ja na hoda ne, mai ruwan toka siramik."

Kafin mai fenti ya juya, Jatau ya naɗe wando ya manna ƙwaurinsa a salansar jan. Fata ta saɓule. Ya cije leɓe, ya ɗingisa ya manna ɗaya ƙafar a mai ruwan toka. Ta yi ja, ta yi raɗaɗi, amma fatar na nan. Ya ce, "Wannan za a yi." Mai fenti ya ɗaure masa ƙafa yana ta salati.

Ranar Juma'a mai saye ya zagaya babur ɗin, ya taɓe baki. Ya ce shi abu mai ɗaukar ido yake nema, ba salansa mai kalar murhu ba. Ya yi tafiyarsa. Kawu ya zazzage wa Jatau kwandon zagi a gaban jama'a, ya kakkaɓe riga ya ce ya cire hannunsa. Jatau ya tsuguna ya sunkuyar da kai, don ya san ya sake yin ɓarna ko da bai san inda take ba. Maikano kuwa ya durƙusa yana shafa salansar. Ya ce, "Kawu, wannan sai ta shekara biyar ba ta yi tsatsa ba, kuma mata ba sa gudun babur ɗin da ba ya cin ƙafa. A ba ni in riƙa aiki da shi, abin da aka samu mu raba, amma a gidan nan zai riƙa kwana."

Da safe Jatau ya buga kik. Ƙarar nan ta dā ta dawo, mai taushi, ba fasa kunne. Labule ya motsa, Inna ta fito tana laluben bango, tabarma a hammata. Ta zauna, ta miƙa hannu ta taɓa ƙafar Jatau, ta ji tsumman da aka ɗaure daidai inda nata tabon yake. Ta daɗe ba ta ɗauke hannun ba.

Jatau ya ce, "Inna, in kashe? An ce in riƙa kashewa."

Ta ce, "Bar shi."

Ya bar shi. Maikano ya iso zai fita aiki, ya dube su, ya samu dutse ya zauna. Su uku suna nan har hantsi, sai da mai ya ƙare.