Rigar Gado ta Je Lakol

"Ni Gado, da gwamnati ta san inda nake, da tuni likitocin Maradi sun koma noman gyaɗa!"

Haka yake cika baki kullum a kasuwar Cadawa. Kai mai karatu, kada ka ruɗu. Mutumin nan akuya ɗaya ya taɓa yi wa magani, ita ma a tukunya ta kwana.

To, ɗiyar ƙanwarsa, Hafiza, mai shekara bakwai, kirci ya sa ta gaba. Fatar hannunta ta bushe, ta yi ta ƙaiƙayi, yarinya ta sosa har jini. Majo na asibiti ya riga ya gaya wa uwarta Barira: ba a ɗauka, a riƙa shafa mai, a yanke farce, in ya taso ta danna kada ta sosa. Amma yaran lakol, wato makarantar boko, ina ruwansu da majo? Suka sa mata "Mai ƙazuwa", suka bar mata benci ita kaɗai kamar limamin da ba mamu. Ran nan ta jefar da jaka, ta ce ita da lakol har abada.

"Majo?" in ji Gado. "Yaron da aka yaye jiya? Ku ba ni ita."

Ya dirje ta da toka da sabulun wanki, fata ta ƙara tsagewa. Ya ce a rufe wurin da rigar sanyi, a zafin da ƙadangare ma ke neman inuwa. Ƙaiƙayi ya ninka.

"Yaya, don girman Allah ka bar mini ɗiyata," in ji Barira.

"Ke ba ki gane ba. Ciwon a kan 'yan lakol yake. Gobe ni zan kai ta, in wanke musu kai."

Gogan naka yana da babbar riga guda ta shadda, wadda yake ɓoyewa cikin rumbu bisa damman hatsi, don kada masu biki su zo aro. Washegari ya zaro ta, ko kakkaɓewa bai yi ba, ya zunduma a kan tsurar fata, ya ja hannun Hafiza.

Mushe Isma'ila, malamin ajinsu, ya tara yara a fili, rana na dukan ƙeya.

"Ku 'yan jahilai!" in ji Gado. "Ku buɗe ido!" Ya kama hannun Hafiza ya goga a nasa, ya goga a wuyansa. "In ana ɗauka, ga ni nan, ya kama ni!"

Zufa ta karyo. Ƙaiƙayin hatsin da ke cikin rigar ya farka.

Ya ɗaga kafaɗa. Ya murguɗa wuya. "Kamar yadda na... wash... nake cewa..." Ya ja da baya ya jingina da iccen dogon yaro, yana gogawa kamar jakin da ƙuda ya dama.

"Ya ɗauka! Wallahi ya ɗauka!"

Yara suka watse kamar shaho ya faɗo cikin kaji. Hafiza ta fashe da kuka. Ka ji gyaran gangar Auzinawa!

"Malam Gado, tuɓe rigar nan!" in ji Mushe.

"Gaban yara? Ni?"

Bai rufe baki ba abin ya kai hamata. Ya fizge riga ya yi jifa da ita. Ƙura ta tashi kamar mata na shiƙa, har da guntuwar zangarniya ta faɗo daga aljihu.

Yaran kuwa 'ya'yan manoma ne, ba sai an yi musu bayani ba.

"Kai, ƙaiƙayin hatsi ne! A rumbu ya kwana!"

Suka dawo suna faɗuwa don dariya. Mushe ya riƙe hannun Hafiza, ya shafa wurin ciwon, ya tsaya ƙyam. Ko motsi bai yi ba. Wata Larai ta matso ta taɓa, ta duba yatsanta, ta ce, "Ashe ba komai. Zo mu zauna."

Hafiza ta share hawaye, ta ciro gwangwanin man kaɗenta, ta miƙa wa babban likita da ke tsaye ba riga, jiki duk sawun farce.

"Kawu, bar sosawa. Danna a hankali."

Ya karɓa, ya naɗe riga a hamata, ya nufi ƙofa sum-sum. Sai Hafiza ta leƙo ta tagar aji, yara sun kewaye ta, ta ɗaga murya:

"Kawu! Gobe zan raka ka wurin majo. Kada ka yi kuka, ba ya yin allura!"