Motar da Ba Ta Sallama

Jawo kujerar nan ka zauna, ka kife wayar tukuna, in ba ka labarin Hadiza da kakanta Baba Tanko, da yadda sayen mota ya kusa kashe auren da dama can ba a ɗaura ba. Ka dai san halin kaka da jika: shi yana ce mata amaryarsa, ita tana ce masa angonta, kullum cikin saki da kome suke.

Baba Tanko ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana jan babbar mota tsakanin Kano da Fatakwal. Da ya ajiye makulli, ba a jima ba ido ma ya ajiye shi. Amma kunne yana nan daram. A danginsu akwai dokar da ba a rubuta ba: ba mai sayen mota sai an kai Baba Tanko ya saurari injinta. In ya ce a saya, a saya. In ya yi tsaki, a ƙara gaba. Wani kawun Hadiza ya taɓa tsallake dokar, motar ta yi wata biyu a kan titi, ta yi shekara uku a gareji.

Ita Hadiza malamar makaranta ce, a Hotoro take zaune. Da can kullum in ta tashi aiki sai ta biyo Gyadi-Gyadi ta ga tsohon. Da man fetur ya yi tashin gwauron zabi, tsohuwar motarta kuma ba ta san ƙoshi ba, zuwan ya koma sau ɗaya a mako. To, ta ga wata mota a wurin dillali a Tarauni, irin mai haɗa fetur da batir, wadda aka ce mai kaɗan take lasa. Ranta ya biya. Saura abu ɗaya: Baba Tanko ya sa albarka. Ita kuwa motar, in an tayar da ita, ko numfashinta ba a ji.

Ranar wata Asabar da hantsi ta same shi a soro, a kan buzunsa.

"...lafiya lau, alhamdu lillahi," in ji shi. "Sai dai ban ɗauki muryar ba. Wace ce?"

"Amaryarka ce."

"Amaryata ta yi yaji. Yau kwana shida rabona da jin tarin motarta."

"Ka ji tarin yanzu ai."

"Tun daga titin Zariya na ji shi. Na ɗauka injin markaɗe ne ya tsinke ya biyo layi."

"Da ka cika miji da ka sai min sabuwa."

"Da kin cika mata da kin zo da ƙosai."

Ta ajiye masa ƙunshin ƙosan a cinya. Ya taɓa, ya ƙirga da yatsa, ya ci ɗaya.

"Na mayar da ke," ya ce. "Me kike nema? Kifi na ganinka mai jar koma."

"Kunnenka nake son aro. Mota zan canza."

"Kunnen ba ya fita shi kaɗai."

"Na sani. Shi ya sa zan haƙura in ɗauki ragowar."

Ya sa a miƙo masa hularsa ta zuwa ɗaurin aure, ya gyara mata kari. Hadiza ta lura da hakan, ta kau da kai. Rabon da wani ya zo neman wannan kunnen, tun bara.

A wurin sayar da motocin, dillalin, wani mai suna Ashiru, ya tarbe su da fara'ar masu neman ciniki, har da russunawa. Hadiza ta riga ta gaya masa kada ya fara da wadda take so. Sai ya kai su gaban wata jibgegiyar jif baƙa.

"Baba, wannan kam gani ya kori ji," in ji Ashiru.

"A wurinku," in ji Baba Tanko. "Tayar."

Jif ta yi gurnani. Tsohon ya dafa murfin injin, ya karkata kai.

"Lafiyarta ƙalau," ya ce. "Irin lafiyar baƙon da yake cinye tuwon gida. Amarya, albashinki nawa?"

"Sirri ne tsakanin mace da Ubangijinta."

"To wannan za ta tona shi. In kika saye ta, ranar goma ga wata za ki dawo gidana cin abinci, ni kuwa ban shirya tarewa ba."

"Da ma wa zai tare a soro?"

"Soron nan uwarki ta yi rarrafe a cikinsa. Gaba."

Ta biyu wata 'yar ƙarama ce ja, kamar a ɗauka a sa a aljihu. Bai ma bari an tayar ba. Ya zura sandarsa ƙarƙashinta, ya auna tsakaninta da ƙasa, ya miƙe.

"Wannan da kwale-kwale ake sayar da ita?"

"A'a, Baba."

"To ranar da aka yi ruwan Agusta a layinmu, sai dai mu yi mata salla daga nesa. Kuma ni ina zan sa ƙafafuna?"

"A but za ka riƙa zama," in ji Hadiza. "Ya fi iska."

"Saki ɗaya."

"Na gode. Saura biyu in huta."

Ta uku an mayar da ita mai amfani da gas, da tukunyarta kwance a baya. Baba Tanko ya ƙwanƙwasa tukunyar da zobensa, ya saurari injin ya ce ba laifi, yana da tsabta. Ya tambayi inda ake ɗura mata. Da Ashiru ya faɗi wurin, da irin layin da ake yi, tsohon ya gyaɗa kai.

"Ke da ko shayi kika ɗora sai ya ƙone don gajen haƙuri? Za ki bi layin gas sau biyu, na uku ki bar musu motar ki hau adaidaita."

"Shayin da na ƙona naka ne, kuma da gangan."

"Na sani. Na sha ne don a zauna lafiya."

Sai aka zo kan ta huɗu, wata ruwan toka, ba babba ba, ba ƙarama ba. Ita ce wadda Hadiza take so. Ta shiga da kanta, ta danna maɓalli. Fitilu suka kama a gaban sitiyari. Baba Tanko ya ɗora tafinsa a kan murfin injin yana jira.

"Tayar mana."

"Na tayar."

"Amarya, makaho ne ni, ba kurma ba."

"Wallahi a tashe take, Baba," in ji Ashiru. "Da batir take farawa. Sai an taka ta sosai injin fetur ɗin yake karɓa."

"In an ɗauke wuta kuma fa? A tura ta zuwa gidan mai janareto?"

"Ba a sa ta a caji. Da kanta take cika batirinta, in tana tafiya, ko in an taka birki."

"Wato tana ci daga tsayuwa. Irin ma'aikatan zamani." Ya janye hannunsa, ya goge a riga. "To me kuka kawo ni in ji? Mota ba ta yi magana ba, ni in ce me? Ku tambayi mai ido."

Ya juya yana lalube da sanda. Ba tsaki, ba zolaya. Hadiza ta san tsakin kakanta kala-kala, amma wannan shirun ba ta san shi ba, kuma bai yi mata daɗi ba. Ta fito ta tare gabansa.

"Au, tsoro ka ji?"

"Wa?"

"Kai. An ce da tsohuwar zuma ake magani, ashe tamu ta zama ruwa. Bari in koma in gaya wa dangi angona ya ga mota ya gudu."

"Ban gan ta ba."

"Ya ji mota ya gudu."

"Ban ji ta ba. Matsalar ke nan." Ya juyo. Sannan ya ce, "Buɗe min gaba. Kuma kada dillalin nan ya yi magana a hanya, muryarsa kamar salansa ta fashe."

Suka hau titi, Ashiru a baya ya kama bakinsa. Motar ta zame kamar an zuba mai a faranti. Baba Tanko ya sauke gilashi, ya zauna ƙiƙam. Suka wuce kasuwar Tarauni, ana jin mai lemo yana kiran ciniki, ana jin wata mata tana yi wa mai nama ƙorafin ƙashi. Da Hadiza ta ƙara wuta, ya ɗaga yatsa.

"Ga shi nan ya tashi."

"Wa?"

"Injin. Munafuki, ashe yana ciki." Ya kasa kunne. "Hm. Yaro ne. Bai sha wahala ba. Rage gudu." Ta rage. "Ya koma barci. Wannan injin ɗan gidanku ne."

"Ɗan gidanmu jikanka ne."

"Yi shiru."

"Ni za ka ce wa..."

"Yi shiru, Hadiza."

In ya kira sunanta na yanka, ba wasa. Ta yi tsit. Ya leƙa da kunnensa waje, yana ɗan kaɗa yatsa a kan ƙofa, tak, tak, tak, kamar mai bin kiɗa.

"Akwai ƙusa a tayar baya, ta ɓangarena."

Ashiru ya kasa daurewa. "Haba Baba! Tayoyin nan jiya na duba su da idona."

"Shi ya sa."

"In ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa," in ji Hadiza, "ya taka dutse. Malam Ashiru, mu tsaya."

Suka tsaya wurin wani mai faci a bakin titin Unguwa Uku. Aka ɗaga motar, aka juya tayar a hankali. Ga kan ƙusa nan yana ƙyalli tsakanin zanen roba, ya lotsa har ya goge. Ashiru ya cire hula ya sosa kai, ya mayar, ya ce facin a wuyansa. Mai facin ya dubi tsohon ya dubi ƙusar, ya ce, "Baba, kana ɗaukar almajirai?" Baba Tanko ya ce ya rufe makaranta.

A hanyar komawa, da suka kusa isa, Baba Tanko ya juyo wajen Hadiza.

"A tsohuwar motarki, ko taya ce ta fice ta wuce mu ba zan ji ba."

"To me ka gani?"

"Ban ga komai ba."

"Me ka ji?"

"Na ji ƙusa. Na ji matar nan da mai nama, kuma ita ce da gaskiya." Ya gyara hula. "Dillali, batirin nan in ya mutu fa?"

Ashiru ya ce yana daɗewa, amma in ya mutu da tsada, ba zai ɓoye ba. Ya ce akwai masu gyaran irinta a gari yanzu, kuma za a iya kai ta a auna lafiyar batirin kafin a biya.

"A kai ta a auna. Abin da kunne bai kai ba, ba na rantsuwa a kansa." Ya juyo wajen Hadiza. "Ke kuma, da wannan sau nawa za ki riƙa zuwa?"

"Kullum. Sai ka gaji da ni."

"Na gaji tun ranar sunanki."

Bai ce a saya ba, bai kuma yi tsaki ba. Suka sauke Ashiru, suka koma Gyadi-Gyadi a tsohuwar motar, tana tari tana atishawa. Hadiza ta kai shi har buzunsa, ta tsaya tana juya makulli a hannu.

"Angona, ban ji hukunci ba."

"Motar tana da aibi ɗaya, babba. Ba ta da sallama." Ya jingina sandarsa. "Wannan akwalar taki, tun tana titin Zariya nake sanin kin taho. In gyara zama, in ɓoye gorona kada ki kwashe, in shirya abin da zan gaya miki. Waccan kuwa sai dai in ji mutum a kaina kamar ɓarawo. Ni da ba ido, a hana ni jin tahowar mutum, me aka bar min?"

Hadiza ta daina juya makullin. Ta ce, "Tana da hon."

"Hon ɗin kowa. Mota ɗari ke bi ta layin nan. Shiga ɗaki, ƙarƙashin gado akwai akwatin ƙarfe. Ɗauko abin da ke naɗe a cikin tsohon rawani."

Ta ɗauko, ta warware. Tsohon hon ne na babbar mota, irin na matsawa da hannu, bakinsa na tagulla, robarsa duk faci. Ta matsa. Abin ya yi wani kuka kamar an taka jaki a wutsiya. Kajin maƙwabta suka watse, wata mata ta leƙo ta katanga tana salati.

"Shi ya kai ni Fatakwal ya dawo da ni shekara arba'in," in ji Baba Tanko, fuskarsa ko gezau. "In kin shigo kwanar layi, ki sauke gilashi ki matsa sau biyu."

"Ni malamar makaranta? A sabuwar mota? Ɗalibaina suna unguwar nan!"

"Sadakinki ke nan. In ba kya so, a fasa auren, a fasa motar."

"Wato in saya?"

"In batirin ya ci jarrabawa, saya. Allah ya sa alheri, ya tsare hanya." Sai a nan dariyar ta ƙwace masa, har hular ɗaurin aure ta zame. "Kuma gobe ƙosan ya fi haka yawa. An ce motar ba ta shan mai, ina za ki kai canjin?"

Batirin ya ci jarrabawa. Yanzu in ka bi ta layin da la'asar, za ka ga wata mota ruwan toka ta sulalo shiru kamar mage, sai hannu ya fito ta taga, jaki ya yi kuka sau biyu. A cikin soro kuma wani tsoho yana tura goro ƙarƙashin buzu.

To kai da ka saurara, tsakanin wadda ta sami motar da take so da wanda ya sa malamar makaranta busa hon ɗin roba kullum a gaban ɗalibanta, wa ya ci wasan?