Takalmin Alwalar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na ɗauki surukina a mota zuwa ɗaurin aure. Har yau in na ga silifas shuɗi a ƙofar masallaci sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Magarya, lissafi nake koyarwa, kuma ina da wata cuta da ke damun malamai da yawa: in na karanta abu sau ɗaya, sai in ɗauka na iya shi. A shekarar na sayi wata tsohuwar mota kat-kat, mai shiga yashi, da wata ƙungiya ta gaji da ita. Ban tsaya nan ba, na sa mata manyan tayoyi don ta ƙara tsawo (ba don rairayi ba, don mutane). In na faka ta a ƙofar lakwal sai in fito a hankali, in zagaya ta sau ɗaya kamar ina duba wani abu, alhali so nake a gan ni.

Surukina kuwa, wanda nake kira Baba, a Waca yake zaune. Ya fi shekara talatin yana tuƙa motar haya a cikin yashin ƙasarmu kafin ya ajiye. Tsakanina da shi akwai kunya irin ta da. Shekara tara da auren 'yarsa Rabi, bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba in dai ba gaisuwa ba. Ko muna zaune a tabarma ɗaya, sai ya juya wajen 'yarsa ya ce, "Rabi, ce wa Mushe kaza." (Mushe ake kiran malamin lakwal a wajenmu.) Ni ma in amsa ta wajenta, kaina a ƙasa. In ya shigo Magarya a zaurenmu yake sauka, ya yi salla, ya sha ruwa, ya wuce. Saboda haka ma ya ajiye silifas ɗinsa na alwala a bayan ƙofar zauren, shuɗi, mai kauri, wanda ya ɗiga wa ɗigo uku da ƙusa mai zafi a wajen diddige don kada ya ɓace masa a masallaci. A raina na san yana ɗaukata mutumin kirki, amma mutumin alli, wanda hannunsa bai san komai ba. Wannan abin ya daɗe yana cina.

Sai ga dama ta samu. Za a ɗaura auren 'yar ƙaninsa marigayi a wani ƙauye gaba da Dungas, ta hanyar Guci, ƙarfe sha ɗaya na safe, kuma shi ne waliyyi. In bai je ba, babu mai ba da aure. Tun kafin a tambaye ni na aika masa ta bakin Rabi cewa kada ya wahalar da kansa da motar haya, ni zan kai shi.

Matsala ɗaya ce. Motar ta fara wani hali. In na ɗan sake ta na faɗa rami, sai bolan, wato sitiyari, ya riƙa rawa a hannuna, gaban motar ya yi kakkarwa na ɗan lokaci sannan ya lafa. Ranar Laraba na kai ta garajin Malam Isufu. Ya shiga ƙarƙashi, ya ce in riƙa juya bolan dama da hagu, sannan ya fito yana goge hannu.

"Mushe, silambulok ɗinka ya mutu," ya ce. Ya nuna mini wata roba da ke cikin kan dogon ƙarfen da ke riƙe ƙafafun gaba kada su yi ta kai-kawo. Ta cinye ƙarƙaf. "Ga waɗannan manyan tayoyi da ka ɗora mata sun ƙara mata aiki. Sai na aika Damagaram a kawo sabo, Litinin in Allah ya so. Kafin nan kada ka fita gari da ita."

Na ce, "Asabar fa nake da tafiya, Malam Isufu."

"To ka nemi wata motar. Wannan in ta kama rawa da gaske a kan gudu, sai dai Allah."

Na ce to, na gode. Amma a hanya ina ta tunanin yadda zan aika wa Baba cewa motar da na yi ta kuri da ita ta kasa. Kuma, ka ji wauta, mutumin da ya fi kowa sanin wannan ciwo a dangi shi ne Baba, amma kunya da girman kai suka haɗu suka rufe mini baki. Ranar Alhamis da la'asar na zauna na kalli wani bidiyo a waya, na ga wani yana yanka roba yana cusawa a wurin. Na ce ashe abin ba wuya, roba dai roba ce. Na duba gidan kaf ban sami mai kauri ba, sai idona ya faɗa bayan ƙofar zaure.

Wallahi na ɗan tsaya. Na ce a raina zan sayo wani irinsa kafin Asabar. Na ɗauki ƙafar dama, na yanke diddigen da wuƙar kicin, na huda tsakiya, na nannaɗa, na cusa, na ɗaure noti iya ƙarfina. Ragowar na jefa a bayan katanga. Na zagaya unguwa da motar, shiru, ba rawa. Na dawo ina jin kaina kamar wanda ya ƙera ta. Maganar sayen sabon silifas kuwa, ta fita daga kaina gaba ɗaya.

Asabar da hantsi Baba ya iso cikin farar babbar riga, ta sha guga har tana ƙara. Ya ce zai sabunta alwala kafin mu kama hanya. Ya leƙa bayan ƙofa, ya ɗago ƙafa ɗaya.

"Rabi, ina ɗayan?"

Rabi ta dube ni. Ni kuwa bakina ya riga hankalina, na ce, "Ina jin akuyar nan ce ta ja shi."

Rabi ta shiga gida tana yi wa akuya faɗa, har da jifa da murfin kwano. Akuyar ta tsaya tana kallona (ko dai ni na ga kamar haka). Baba ya yi alwalarsa da nawa takalmin.

Muka tashi. Baba a gaba kusa da ni, Rabi a baya da ƙullin goro da kwalin alawa. Da farko komai lafiya. Da muka hau jar hanya, wurin da ƙasa ta yi tudu-tudu a jere wanda direbobi ke kira eskaliye, sai na tuna an ce irin wannan hanya da gudu ake cinta. Na taka. Na saci kallon Baba in ga ko abin ya burge shi. Shi kuwa ya ɗan karkata kai gefe, kamar mai sauraron magana daga nesa.

"Rabi, ce wa Mushe ya ɗan rage."

"Baba ya ce ka rage."

Na ce, "Ki ce masa ba komai, na duba ta da kaina."

Ban rufe baki ba muka faɗa wani ɗan rami, wanda ko keken jaki ba zai kula da shi ba. Abin da ya biyo baya, ban san mota na iya yin sa ba. Gaban motar ya kama jijjiga dama da hagu kamar za ta yar da ƙafafunta. Bolan ya riƙa fizge hannuwana, haƙorana suna haɗuwa, madubi ya faɗo, akwatin gaba ya buɗe ya watso takardu. Goro ya cika mota. Rabi tana salati da ƙarfi. Ga wata amalanken shanu a gefen hanya, muna nufarta.

Cikin wannan hali na ji muryar Baba, a natse: "Rabi, ce masa ya cire ƙafa daga mai, kada ya taka birki da ƙarfi."

Rabi ba ta isar da saƙon ba, tana kan salati. Ni kuwa, malamin lissafi, uban 'ya'ya uku, na saki bolan, na ɗora hannu biyu a ka, na kwarara ihu: "Wayyo Inna!"

Nan kunyar shekara tara ta ƙare. Baba ya cafke bolan da hannu ɗaya, ya daki gwiwata da ɗayan. "Kai! Ɗaga ƙafarka! Ɗaga, na ce! Yanzu taɓa birki kaɗan-kaɗan. Kaɗan, ɗan nan!"

Na bi. Gudu ya ragu, jijjigar ta yi ta sauka har ta ɗauke kamar ba a yi ba. Muka wuce amalanken da tazarar da ba ta kai kamu uku ba, muka tsaya a cikin yashi. Mai amalanken ya bi mu da kallo baki buɗe. Ban taɓa jin daɗin shiru irin na lokacin ba. Na duba Rabi, lafiya. Na duba Baba, hularsa kawai ta karkace. Na yi hamdala ta fi a ƙirga.

Da nan abin ya tsaya, da na ce na tsira.

Baba ya duba agogo, ya fita, ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙo mini. Haka na tsaya a bakin hanya riƙe da riga a hannu biyu, dattijo mai furfura yana rarrafawa ƙarƙashin motata. Ya ce a miƙo masa kile na kwance noti, Rabi ta miƙa. Na ji yana ƙwanƙwasa, na ji ya yi shiru.

Ya fito a hankali, ya zauna a kan yashi. A tafin hannunsa akwai wata 'yar roba shuɗiya da ta tsattsage, ta baje kamar an tauna. Ya goge ta da babban yatsa. Ɗigo uku suka fito sarai.

Ya dubi robar, ya dubi Rabi. Rabi ta dubi robar, ta dube ni. Ni na dubi rigar da ke hannuna, ina fatan in shige cikinta in ɓace.

"Rabi," ya ce, "ashe akuyar taku makaniki ce."

Rabi ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Na buɗe baki in yi bayani, abin da ya fito shi ne, "Baba, a bidiyo na gani." Har yau ban san abin da ya sa na zaci wannan zai taimake ni ba.

Bai tsaya jin sauran ba, lokaci na tafiya. Ya zaro wuƙa daga aljihu, ya yanko wani yanki daga kaurin robar da ke tare laka a bayan taya, mai zare a ciki, ya sassaƙa shi daidai ramin, ya buga shi ciki da dutse. Notin da na ɗaure "iya ƙarfina" ya nuna mini yana juyawa da yatsa biyu. Ya ɗaure shi da gaske, ya rage wa tayoyin gaba iska, ya wanke hannu da ruwan jarka, ya karɓi rigarsa. Sannan ya miƙo hannu, ban ma jira ya faɗa ba na ba shi makulli.

Haka na shiga Dungas a kujerar baya ta motata, ina tsintar goro daga ƙasa ina mayarwa cikin ƙulli. Baba yana tuƙi a hankali, hannu ɗaya a bolan, motar tana bin sa lau kamar ta san shi tun da. Muka isa ƙauyen sha ɗaya ta ɗan gota. Mutane sun cika ƙarƙashin bishiya, liman yana ta duba hanya, dangin ango sun fara gunaguni. Da aka ga motar sai aka yi ta hamdala.

Wani tsohon abokinsa ya tare shi yana dariya. "Alhaji, kai da ka ajiye tuƙi? Me ya tsayar da ku?"

Na san in labarin nan ya fita a taron biki, kafin Litinin ya riga ni isa lakwal, kuma ɗalibaina ba za su sake kirana da sunana ba. Baba ya gyara hula ya ce, "Hanya ce ba kyau. Kuma na yi marmarin bolan, Mushe ya ba ni in taɓa."

Shi ke nan. Aka ɗaura aure, aka raba goro (wanda ya ɗan sha yashi, ba wanda ya lura). Na zauna a bayan sahu ina shafa fatiha, idona ya cika da ƙwalla, mutane suka ɗauka tausayin marainiya ne.

Litinin Malam Isufu ya sa sabon silambulok, ya canza wasu abubuwa biyu da jijjigar ta lalata, na kuma ce ya mayar mini da ƙananan tayoyin. Ya juya robar da Baba ya sassaƙa a hannunsa ya ce, "Wannan aikin tsohon hannu ne. Wa ya yi maka?" Na ce wani ne a hanya. Na sayi sabon silifas shuɗi na ajiye a bayan ƙofa, na kuma ba akuya dusa har ta bari.

Bayan mako biyu Baba ya shigo Magarya. Ya yi salla a zaure, na zo gaishe shi na durƙusa. Rabi tana tsaye da kwanon ruwa, amma bai juya wajenta ba. Ya ɗauko tsohon silifas ɗin, ƙafar hagu da ta rage, ya miƙo mini kai tsaye.

"Riƙe wannan a mota, Mushe. Ko za ka buƙaci na ɗaya gefen."

Ya yi dariya har da tari, ni ma na yi, kaina a ƙasa. Tun daga ranar ni da shi muke magana ba ɗan aike. In motar ta yi wani ƙara da ban gane ba, shi nake fara kira, in kara waya a jikin injin ya saurara.

Abin da na koya ba shi da yawa. In makaniki ya ce Litinin, to Litinin ɗin ce. In kana da wanda ya sani a gida, ka tambaye shi tun kana tsaye da ƙafafunka, kada ka bari sai ya ji ka kana kiran Inna. Silifas ɗin kuwa yana nan a akwatin gaban mota, kuma duk wanda ya tambaye ni na mene ne, sai in ce na alwala ne.