Gaisuwar da Ta Tsayar da Na'urar Tiyata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ladabina ya kusa kora ta daga ɗakin tiyata ba. Wasu baƙin likitoci ne suka kawo wa asibitinmu na Tamale na'ura mai hannu huɗu, wadda likita ke sarrafawa yana zaune can gefe. Mu nas goma sha biyu ake horarwa, huɗu za a ɗauka, ni kuwa tuni na cika wa mutanen unguwarmu Nyohini baki cewa sunana ne na farko.

Ranar gwaji kankana aka kwantar a gadon (Allah Ya rufa asiri ba mutum ba ne). Ana cikin yanka sai ga Dokta Fuseini, babban likitanmu, aminin Baba tun suna yara. Mu a gidanmu ba a gaida babba a tsaye. Kafin hankalina ya iso, gwiwoyina sun riga sun yanke hukunci. Na ja da baya na durƙusa, "Baba, sannu da zuwa," sai ƙuguna ya danne jan maɓallin tsayarwa.

Na'ura ta ƙame, wuƙa cikin kankana, ƙararrawa ta ɗauka. Injiniya ya shiga bin wayoyi yana gumi, har wata ta ce, "Ei, ko wuta ne suka ɗauke kuma?" Ni da na san ɓarawon na tsaya ina taya su duba silin. Wallahi na ji tsoro. Na ga ɗinkin da na yi don hoton zaɓaɓɓu yana tashi a banza.

Sai shugabar baƙin ta ce idan ba a gano dalili ba, ba za su yarda a kwantar da mutum a ƙarƙashin na'urar ba. Na ɗaga hannu.

"Ni ce. Gaisuwa na yi."

Dokta Fuseini ya yi dariya har ya cire tabarau. "Ɗiyata, kin gaishe ni, kin gaida injin ma!"

Aka rubuta abin a takardar kurakurai, aka ja layin da ba a tsayawa a bayansa, ma'aikata suka raɗa masa layin gaisuwa. Kuma aka ɗauke ni, wai suna son mai faɗin kuskurenta da bakinta.

Har gobe ina durƙusa wa manya, Mama ba ta yi tarbiyya a banza ba. Sai dai yanzu ko a gidan suna ne, sai na waiga baya tukuna.