Yadda Za Ka Sa Wa Babur ɗin Surukinka Shok ɗin da Ba Nasa Ba

Surukinka ya yi tafiya, ya bar maka makullin babur ɗin da ko ɗan cikinsa bai taɓa bari ya hau ba. Kai kuma ka faɗa rami da shi, shok ɗin gaba, wato sandunan nan biyu da ke riƙe da taya, ya lanƙwashe kamar lauje. Jibi zai dawo. Kwantar da hankalinka, ka zo gidan sauƙi. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin mutuncinka zai fita ko ƙwarzane babu.

1. Kada ka gaya wa matarka

'Yarsa ce. Tun tana goye take jin kukan babur ɗin nan. Shigo da shi ta lungu a ture, ka lulluɓe shi da tsohon bargo. In ta tambaya, ka ce tsoron ƙura kake yi wa kayan Baba. Za ta ji daɗi har ta yi maka addu'a. Karɓi addu'ar, za ka buƙace ta.

2. Je wurin mai sayar da kayan gyaran babur da fuskar masani

Zai tambaye ka ƙirar wace shekara ce. Ba ka sani ba, babur ɗin ya girme ka. Ka ce tsohon yayi ne. Zai yi dariya, ya ce rabon da a ƙera irinsa tun yana rarrafe, sannan ya hau kan benci ya sauko maka da na sabon yayi yana rantsuwa cewa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Masu magana sun ce kama da wane ba ta wane, amma masu maganar nan ba su da surukin da zai sauka jibi. Saya.

3. Sasanta su

Kamfani ba ya sake yayi don Allah, sai ya taɓa wani abu. A rumfar bakanike za ka ga sabon ya fi tsohon siranta, ya kuma fi shi tsawo da kusan taƙi guda. Ramin ƙarfen taya ya yi faɗi, kunnen birki ya yi ƙaura. Bakanike zai dafe kai ya ce ba za su zauna tare ba. Tuna masa cewa ko aure da haƙuri ake yi. Inda ya yi sako-sako a yanka gwangwanin madara a cusa, inda ya yi faɗi a jera wosha, 'yan zobban ƙarfen nan, inda ya ƙi shiga a kira guduma ta yi masa nasiha. Tsawon kuwa ka bar wa Allah.

4. Tsufar da shi

Sabon ƙarfe tonon asiri ne. Shafe shi da baƙin mai, ka watsa masa ƙasa, ka bar shi a rana.

5. Gyara surukin, tunda babur ya ƙi gyaruwa

Yanzu gaban ya ɗaga, fitila na duban sama kamar mai neman jinjirin wata. Baba kuma, Allah Ya ƙara masa lafiya, ba dogo ba ne. In ya hau, ƙafarsa ba za ta taɓa ƙasa ba. Rage iskar tayar gaba. Tona ɗan rami a tsakar gida ka ajiye tayar a ciki. Sannan ka sayo masa takalmi mai tudun dunduniya, ka kai masa da hannu biyu a matsayin sannu da zuwa. Ka nace sai ya sa kafin ya ga babur. Wanda bai san dawan garin ba zai ce ladabi ne.

6. Miƙa makulli ka dubi ƙasa

Zai zagaya babur ɗin a hankali, hannu a baya. Zai hau, ya miƙa ƙafa, babban yatsansa ya riƙa laluben ƙasa duk da sabon takalmi. A nan ka ƙara sunkuyar da kai, domin mutumin nan ya ba ka 'yarsa bai yi dogon tunani ba, amma sai da ya kwana yana shawara kafin ya ba ka makullin nan. Kada ka yi tari. Zai sunkuya, ya sa farce ya zaro bakin gwangwanin.

“Na madara ka sa?” zai tambaya.

“Na'am, Baba.”

“Ni na tumatir na sa. Wanda ka cire ɗin ma ba nasa ba ne, ɗana. Babur ɗin surukina ne, kakan matarka, aro na yi na faɗa kwata da shi. Shok ɗin da na sa guntu ne, shekara da shekaru ina tuƙi kamar mai neman allura. Da tsohon ya gani sai ya ce wannan ba babur ɗinsa ba ne, in tafi da kayana.”

Zai sauko da ƙyar, ya kamo hannunka ya danƙa maka makullin.

“Wannan ma ba nawa ba ne. Kullum da safe ka zo da shi ka kai ni kasuwa. Takalmin dai na karɓa.”

7. Yi godiya

Ka durƙusa sosai. Mutuncinka ya tsira kamar yadda na yi alkawari, har da ribar babur. Daga yau kai ne mutumin nan da ke wucewa kan titi gaba a ɗage, yana haska tsuntsayen kan bishiya, dattijo a baya yana nuna shi wa abokai.

Jan kunne

Mai wannan nasiha bai san ka ba, bai san surukinka ba, bai kuma taɓa ganin ramin da ka faɗa ba. Birki ya ƙi kamawa, ko gwangwani ya zame a gangara, ko matarka ta yi ta dariya har ta kasa tashi, duk wannan tsakaninka da bakanike ne. Abin da kawai zan ƙara shi ne, ka adana makullin nan da kyau. Kana da 'ya mace, kuma tana girma.